Jif ɗinka na shan mai fiye da kima? Ga yadda za ka bi sawun matsalar

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lissafin mai mota ya canza. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000 a gidajen mai da dama. Waɗanda abin ya fi yi wa nauyi su ne masu manyan motocin iyali: Highlander, Lexus RX, Honda Pilot, da ƙannensu RAV4 da CR-V. A Katsina yanzu ba abin mamaki ba ne ka ga jif lulluɓe da tamfol a ƙofar gida, maigidan ya koma kan babur, ba ta fita sai Juma'a ko ranar biki.

Da yawa daga cikin motocin nan suna shan abin da ya wuce haƙƙinsu, kuma ana iya dawo da su hanya. Abin da ke ɓata lamarin shi ne yadda ake fara gyaran. Mutum zai je gareji ya ce mota na shan mai, kafin ya rufe baki an ce ya sayo fulogi, a wanke nozul, a sauya famfon mai. Kuɗi su tafi, shan mai na nan. Jerin da ya kamata a bi shi ne a auna tukuna, a duba abin da ba ya cin kuɗi, a jona kwamfuta, sayen kaya ya zo daga ƙarshe.

Na farko: ka auna

"Na sa na dubu goma ranar Asabar, bai kai ni Talata ba" ba awo ba ne, don farashi na hawa yana sauka. Allurar tanki ma ba abin dogaro ba ce. A motoci da yawa takan daɗe a sama, idan ta wuce rabi ta gangaro da sauri.

Ka je gidan man da ka yarda da shi, a cika tanki har bakin famfon ya tsaya da kansa. Kada a ƙara matsawa, kada a jijjiga mota don ta ƙara ci. Ka mayar da ƙaramin ma'aunin tafiya na dashbod zuwa sifili. Ka yi hidimarka yadda ka saba, idan mai ya sauka wajen rabi ka koma famfon nan dai, a cika kamar na farko. Sai ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Misali, Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne, je ka dawo 160. Idan ka dawo lita 16 ta cika tanki, motarka na yin kilomita 10 a lita.

Akwai tarkon da mutane da yawa ke faɗawa a nan. Yawancin jif ɗin da ke shigowa ta Kwatano daga Amurka suke, kuma ma'auninsu da mil yake ƙirga, ba kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wanda ya ga 200 a dashbod, ya sa lita 40, zai ɗauka 5 motarsa ke yi, hankalinsa ya tashi, alhali kilomita 320 ya yi, wato 8 a lita. Idan allon motar na nuna MPG, wato mil nawa take yi a galan, ka ninka lambar da 0.425 ta ba ka kilomita a lita. Wanda kuma ya sa wa mota tayoyin da suka fi na asali girma, ma'auninsa zai riƙa ƙirga ƙasa da tafiyar da ya yi.

To nawa ne daidai? A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, Highlander ta 2008 mai silinda shida tana yin mil 18 a galan cikin gari da 24 a kan hanya, wato kusan kilomita 7 da rabi da kuma 10 a lita. RAV4 mai silinda huɗu ta 2010 tana yin kamar 9 a gari, kusan 12 a hanya. Wannan na sabuwar mota ne. Wadda ta haura shekara goma sha biyar, tana fama da zafin Afrilu da esi a kunne tsakanin Ƙofar Ƙaura da Babbar Kasuwa, idan mai silinda shida ce ta ba ka 6 zuwa 7 a gari, a ganina ba ta yi laifi ba. Idan ta sauka 5 ko 4, ko ta kasa kai 8 a doguwar hanya, akwai abin nema. Kuma neman ya cancanci wahala: mai yin kilomita 1,000 a wata, idan ya tashi daga 6 zuwa 8, ya rage kusan lita 42.

Na biyu: man ma yana isa injin?

Ka ajiye mota ta kwana a kan busasshen siminti, da safe ka leƙa ƙarƙashinta. Ka shinshina wajen tanki da cikin bonet. Warin fetur a motar da ke tsaye alama ce ta yoyo: tiyon da ya tsage, tankin da dutse ya bugi gindinsa, ko robar murfin tanki da ta mutu. Wannan ba batun tattali ba ne kawai, batun gobara ne, don haka a gyara a ranar, kuma kada a haska da ashana.

Sai abin da ba a son faɗa. Idan mota na da hannu biyu ko uku, direba da samarin gida, ka riƙa rubuta lambar ma'auni dare da safe na mako guda. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, tafiyar ce ta fi wadda maigida ya sani.

Ingancin man ma abin lura ne. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata motoci da dama. A garuruwan bakin iyaka irin su Jibiya da Mai'aduwa, inda aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, mutane sun saba da man kwalba, kuma ba kowane ɗan bumburutu ke tsoron Allah ba. Idan shan man ya fara ne daidai lokacin da ka sauya wurin saye, ka koma tsohon wurin ka sake awo kafin ka taɓa injin.

Na uku: abin da ke riƙe mota

Iskar taya. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da ke faɗin iskar da kamfani ya tsara, yawanci tsakanin 30 da 35. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Ka sayi naka ma'aunin, don na masu faci da yawa ya gaji, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi. Ƙarancin iska na ƙara shan mai da kashi biyu ko uku cikin ɗari. Cika ta zuwa 50 kuma, kamar yadda wasu masu faci ke yi, yana cinye tsakiyar taya, ya rage mata kama ƙasa, kuma ribar man ba ta kai haɗarin ba.

Birki ya fi taya ɓarna idan yana kamawa. Ka yi tafiyar minti goma ba tare da yawan taka shi ba, ka tsaya, ka kusantar da bayan hannunka ga kowane wili. Kada ka taɓa faifan birkin, zai ƙone ka. Idan ɗaya ya fi sauran zafi sosai, ko yana warin ƙuna, a ɗaga ƙafar da jak a juya ta da hannu. Wadda ta ƙi juyawa cikin sauƙi, ko dai birkinta ya cije saboda ƙura da tsatsa, ko an ɗaure hambirki da yawa, ko boris ya mutu. Tayar da ke cinyewa ta gefe ɗaya, ko sitiyarin da ke ja, saitin ƙafa suke nema.

Giya kuma, akwai wani ƙaramin maɓalli a jikin sandar giyar tsofaffin Toyota. Idan an danna shi, O/D OFF na bayyana a dashbod, mota ba za ta shiga giyar ƙarshe ba. Yaro na iya danna shi yana wasa, a yi wata ana yawo a haka. A gudun kilomita 100 kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, allurar juyin injin ta yawancin motocin nan tana zama ne tsakanin 2,000 da 2,500. Idan ka ga 3,000 ko sama, ko sandar na kan 3 maimakon D, ko giyar na da matsala.

Ka buɗe but ka sauke abin da ba ka buƙata. Kowane kilo 45 na ƙara shan mai da kamar kashi ɗaya cikin ɗari. Kariyar saman mota da aka ɗaura don tafiyar Sallah a kwance ta bayan an dawo.

Na huɗu: zafin injin

A nan zan daɗe, don nan ne aka fi cutar motocinmu, kuma da kyakkyawar niyya ake yi. Mota na isowa daga Kwatano, makaniki zai ce: "Alhaji, wannan abin na ƙasar sanyi ne. Mu nan zafi gare mu, cire shi za mu yi, mu haɗa fanka dairak." Abin da zai cire shi ne tamostat, wani ɗan bawul da ke tsare ruwa a cikin injin har ya yi zafi, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. A injinan Toyota da yawa yana fara buɗewa wajen digiri 82.

An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ke tsakanin digiri 85 da 95. Ƙasa da haka fetur ba ya ƙonewa yadda ya kamata, don haka kwamfutar motar, wadda kanikawa ke kira birenbos, takan ƙara mai, ta ɗaga sulo, ta jinkirta shiga giyar ƙarshe har injin ya ɗumama. A motar da ke da tamostat, wannan na 'yan mintuna ne. A wadda aka cire wa, aka kuma bar fanka na juyawa tun daga murɗa makulli, lamarin kamar tukunya ce a kan murhu ana ta ƙara mata ruwan sanyi: itace na ƙarewa, girki bai nuna ba. Da asubar hunturu a hanyar Mashi, injin na iya isa Daura bai kai zafin aikinsa ba. Ga fankar kuma tana jan wuta ba hutu, injin ne ke biya.

Gane shi ba wuya. Bayan tafiyar minti goma zuwa sha biyar, allurar zafi ta tsaya kusa da tsakiya, ta zauna nan. Idan tana ƙasa, ko tana sauka duk lokacin da ka hau babbar hanya, babu tamostat ko ya maƙale a buɗe. Idan fanka ta tashi da sanyin safiya alhali esi na kashe, an haɗa ta dairak.

Gyaran shi ne a mayar da tamostat na ainihi, a mayar da fanka kan layinta. Amma kafin nan a tambaya: me ya sa aka cire? Idan don mota na zafi ne, cutar na nan ba a taɓa ta ba. Ko lagireto ya toshe da dattin ruwan rijiya, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko gasket ya fara ƙonewa. A gyara wannan, a wanke hanyar ruwan, a zuba ruwan sanyaya injin na galan maimakon na burtsatse. Motocin da kamfani ke sayarwa a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke yawo, kuma ba mu fi su zafi ba. Kada dai a buɗe murfin lagireto injin na da zafi.

Na biyar: a jona kwamfuta

Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilar hoton injin ta kamata ta kama, ta mutu bayan an tayar. Idan ba ta kama ba sam, wani ya cire ƙwan ko ya rufe shi kafin a sayar maka.

Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin dashbod, wajen gwiwar direba. Ana jona na'urar bincike a nan. Akwai ƙanana masu arha da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, sun isa wannan aikin. Ka rubuta lambobin da suka fito da hannunka kafin kowa ya goge su. Goge lamba ba gyara ba ne. P0128 na nufin injin ba ya kai zafinsa. P0171 da P0174, iska ta fi mai yawa. P0172 da P0175, mai ya fi iska. P0300 zuwa P0306, silinda na tsallake wuta, kuma daga P0301 zuwa P0306 lambar ƙarshe ce ke nuna wacce. P0420 na magana ne kan matatar hayaƙi.

Lamba na nuna inda ake jin ciwo ne, ba lallai abin da ya kawo shi ba. Shi ya sa za ka ce wa mai na'urar ya buɗe maka bayanan injin yana aiki, ka duba abu biyu. Na ɗaya zafin ruwa: da safe kafin a tayar, ya zo kusan daidai da zafin iskar waje, bayan tafiya ya kai 85 zuwa 95. Idan injin na ƙuna amma na'urar na nuna 30, sensar zafin ce ke yi wa kwamfuta ƙarya, ita kuma tana ta zuba mai. Na biyu layin da aka rubuta LTFT, wanda ke nuna yawan gyaran da kwamfuta ke yi don riƙe ma'aunin iska kashi 14.7 ga mai kashi ɗaya. Tsakanin -10 da +10 ba damuwa. Idan ya haura +10 a sulo amma ya sauko da aka taka totur zuwa 2,500, iska na satar shiga ta wani tsagaggen tiyo. Idan ƙaruwa yake da an taka, a duba sensar iska ko ƙarfin famfon mai. Idan ya yi ƙasa da -10, mai ne ke shiga fiye da kima, galibi daga nozul mai ɗiga.

Na shida: yanzu a taɓa kaya

Filtar iska ba ta jure ƙurar hunturunmu. Ka ɗaga ta ga rana, idan haske ba ya ratsawa a sauya. Toshewarta ƙarfin mota ta fi ragewa, ba ta cika ƙara shan mai sosai a injinan zamani ba. Haɗarin na ga wadda aka hura da iskar mai faci har ta yage, ko jabun da ba ya zama daidai a gidansa, don ƙura za ta wuce ta manne a sensar iska da ke bayanta. Sensar nan siririyar waya ce. A fesa mata maganin da aka yi dominta, a bar ta ta bushe. Ba fetur, ba buroshi, ba yatsa.

Fulogi yana ba da labari idan an kwance shi. Bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka, lafiya. Baƙi mai gawayi, mai ya yi yawa. Jiƙe da baƙin mai, injin ne ya fara sha. Na iridiyum na ainihi, irin na Denso ko NGK, yana wuce kilomita 100,000, amma jabu ya cika kasuwa, kuma arharsa ce ke tona shi. A injinan Toyota da yawa masu silinda shida, uku na baya suna ƙarƙashin bututun iska, sai an kwance kaya kafin a kai gare su. Ka tsaya a wurin, ka karɓi tsofaffi shida a hannunka. Idan kuma fitilar injin na ƙiftawa kana tafiya, ka rage gudu ka nemi gareji, ɗanyen mai ne ke zuba cikin salansa.

Sensar hayaƙi ta gaba, wadda ke kafin matata, ita ce ke gaya wa kwamfuta yadda ƙonewar ta kasance. Idan ta mutu shan mai na iya tashi sosai. A yawancin Toyota da Lexus na shekarun nan, ta gaba da ta baya ba iri ɗaya ba ne ko da sun yi kama, don haka a saya da lambar da ke jikin tsohuwar, kada a yanke waya a haɗa kowace aka samu.

Nozul, mai fesa wa injin fetur, ba a wanke shi don an saba. A ɗora su a injin gwaji ka ga feshinsu da idonka, wanda ke ɗiga bayan an kashe a sauya shi, a sa sababbin robobi.

Sai indomi, matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Idan ta toshe mota kan yi nauyi, ka taka ba ta tafiya. Amma ba ta toshewa haka kawai, ɗanyen mai ko baƙin mai ne ke kashe ta, kuma idan ba a gyara wannan ba sabuwa ma za ta bi sahu. Duk wanda ya yi saurin cewa a fasa a zubar, ka tuna akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, irin su filatinom, kuma akwai masu saye. Cire ta na barin fitilar injin a kunne kullum, ranar da wata matsala ta zo ba za ka sani ba.

Wajen juye, ka karanta murfin da ake zuba baƙin mai. Idan an rubuta 5W-30 ko 0W-20, shi za a sa, ba 20W-50 mai kauri da ake zuba wa kowace mota ba. Bambancin a shan mai kaɗan ne, kashi ɗaya ko biyu, amma lafiyar injin na ciki. Maganaɗisu da ƙwayoyin da ake tallatawa wai suna rage shan mai, ka bar kuɗinka a aljihu.

Na bakwai: ƙafar direba

Injin mai silinda shida da ke sulo da esi yana shan tsakanin lita ɗaya da biyu a awa, bai motsa ko taku ɗaya ba. Ka lissafa jiran yara a ƙofar makaranta da jiran Hajiya a kasuwa, sau nawa a mako. Ɗumama mota da safe ma minti ɗaya ya isa, sauran ta ƙarasa a tafiya a hankali. Gajerun tafiye-tafiye da injin mai sanyi su ne mafi tsada, gara a haɗa aike uku a fita ɗaya.

A hanyar Kano, bambancin 90 da 130 ba ƙarami ba ne, don turjiyar iska na ƙaruwa ninki-ninki da gudu, jif kuma ga tsawo ga faɗin gaba. Sa giya a N a gangara ba ya rage komai: idan mota na cikin giya ka ɗaga ƙafa, kwamfuta kan yanke man gaba ɗaya, a N kuwa dole ta ba injin na sulo, ga shi ka rage ikonka a kan motar. Esi a zafin bazara na iya cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu a gajeriyar tafiya. Ka nemi inuwa wajen ajiyewa, ka sauke gilasai zafin ciki ya fita kafin ka kunna. A babbar hanya kuwa rufe gilas da kunna esi ya fi.

Sake awo

Bayan kowane gyara babba, ka sake cika tanki ka auna kamar na farko, a irin hanyar da ka bi da farko, kafin a taɓa abu na gaba. Idan an cire kan batir ko an goge lambobi, ka ba kwamfuta kwana biyu ko uku ta sake daidaita kanta kafin ka fara ƙirga. Idan zafi ya zauna a 90, LTFT na kusa da sifili, ƙafafu na juyawa sumul, amma mota na fitar da hayaƙi mai shuɗi, a auna matsin kowace silinda, don injin da zobensa ya cinye ba sensar da za ta gyara shi. Idan kuwa komai ya fito daidai kuma mai silinda shidan na ba ka 7 a gari, iyakarta ke nan, abin da ya rage shi ne ka duba ko hidimar cikin gari za ta koma kan ƙaramar mota, jif ɗin ta tsaya wa doguwar tafiya da iyali.